Yadda Ake Ɗaura Ƙwaron Ƙugiya Mai Fukafukan Gashi da Yadda Ake Kama Kifin Tirawut da Shi

Tirawut kifi ne na ruwa mai sanyi da tsabta, wanda asalinsa ƙoramu da kogunan Turai da Arewacin Amurka da wasu sassan Asiya ne, daga baya aka kai irinsa ƙasashe kamar New Zealand da tsaunukan Kenya da Lesotho. Yawancin abincinsa ƙwari ne da ke girma a ƙarƙashin ruwa, waɗanda idan lokacinsu ya yi suke tasowa sama su buɗe fukafukai, su ɗan tsaya a bisa ruwa kafin su tashi, kuma a wannan ɗan tsayin ne kifin yake tasowa ya cafke su. Daga lura da wannan hali aka samo fatsar da ba ta buƙatar tana ko wani abinci, inda ake yi wa ƙugiya sutura da gashin tsuntsu da na dabba har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta a hankali ta zauna a saman ruwa. Irin da zan yi bayani a kansa shi ne wanda ake yi wa fukafukai da gashin dabba, kuma dalilin samuwarsa shi ne zai nuna wa mai koyo yadda ya kamata ya ɗaura shi da inda ya kamata ya jefa shi.

A ƙarshen ƙarni na 19 ne Frederic Halford da abokansa suka tsara fatsar saman ruwa a kogunan Test da Itchen na kudancin Ingila, waɗanda ruwansu garai-garai ne kuma yana tafiya a natse. Ƙwarin da suke ɗaurawa sirara ne, fukafukansu na gashin tsuntsu, kuma sun dace da wancan ruwan. Da aka kai su kogunan jihar New York, inda ruwa ke gangarowa daga duwatsu yana tumbatsa yana kumfa, sai aka ga suna saurin jiƙewa su nitse, kuma kifi ɗaya ko biyu ya isa ya lalata fukafukansu. Wajen shekarar 1930 Lee Wulff, wanda aka haifa a Alaska a 1905, ya ɗaura ƙwari masu kaurin jiki, ya yi musu jela da fukafukai da gashin jelar barewar Amurka da ake kira deer, domin su jure ruwa mai ƙarfi kuma kifi ya ga abin da ya cancanci ya taso dominsa. Abokinsa Dan Bailey, wanda ya buɗe kantin kayan fatsa a garin Livingston na jihar Montana a 1938, shi ne ya ba da shawarar a sa musu sunan Wulff, kuma daga kantinsa suka bazu a yammacin Amurka. Abu uku ake nema a wannan ƙwaro: ya yi iyo a ruwa mai gudu, masunci ya hango shi daga nesa, kuma ya daɗe bai wargaje ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar mariƙin ƙarfe da ake kafawa a tebur ya damƙe ƙugiya, da abin riƙe kwarkwaron zare, da ƙaramin almakashi mai tsinin baki, da ɗan matsin kama gashin zakara, da allura mai ƙota, da kuma bututun daidaita gashi, wanda a wannan aiki ba a iya yi sai da shi. Ƙugiyar ta zama mai siririn ƙarfe irin ta saman ruwa. Lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye, wato duk yadda lamba ta ƙaru, ƙugiya tana ƙanƙancewa, kuma ƙwarin Wulff an fi ɗaura su tsakanin lamba 8 da 16. Mai koyo ya fara da lamba 12, domin tana da girman da yatsu za su iya aiki a kanta, kuma ita ce aka fi jefawa a yawancin koguna. Zare mai lamba 6/0 ya fi dacewa, saboda gashin dabba yana son a matse shi sosai, kuma zaren da ya fi wannan siranta yakan tsinke a hannun wanda bai saba ba.

Batun gashi shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin gashi suna ne kawai ya tara su, amma halinsu ya sha bamban. Gashin jikin barewa da na babbar barewar da ake kira elk yana da ƙananan kogunan iska a cikinsa, shi ya sa yake iyo kamar toto, kuma shi ya sa idan zare ya matse shi yake bajewa ya tashi tsaye ta kowane gefe. Gashin jelar maraƙi da na jikinsa ba shi da irin wannan kogo, ba ya bajewa, amma yana da santsi, yana kuma zamewa daga ƙarƙashin zare idan ba a ɗaure shi da kyau ba. Na jela yana da ɗan murɗewa, wanda ke sa fiffike ya cika ido ko da gashin kaɗan ne, sai dai daidaita bakinsa yana da wuya, na jiki kuwa miƙaƙƙe ne mai sauƙin daidaitawa, kuma shi nake ba mai koyo shawarar ya fara da shi. Don jelar ƙwaro ana amfani da gashin jelar barewa mai ruwan ƙasa, ko kuma gashin jikin mus (moose, wata ƙatuwar barewa ta ƙasashen sanyi) mai duhu da tauri, wanda a ganina ya fi riƙe ƙwaro a saman ruwa. Sai gashin wuyan zakara, wanda ake naɗawa a gaban ƙwaro ya zama ƙafafunsa: a zaɓi mai sheƙi, mai taurin silli, wanda idan an lanƙwasa shi sillayen suke miƙewa kamar ƙaya, domin mai laushi irin na kaza yana shan ruwa.

Zan ɗauki Royal Wulff a matsayin misali, domin wanda ya iya shi ya iya sauran danginsa. Tushensa wani tsohon ƙwaro ne mai suna Royal Coachman da aka fara ɗaurawa a New York a 1878, aka sauya masa fukafukai zuwa farin gashi. Kafin a fara komai, a danne ƙayar bakin ƙugiya da filaya ta kwanta, domin idan ƙugiyar za ta karye, gara ta karye tun ba a ɓata lokaci a kanta ba. A kafa ta a mariƙi, sandarta a kwance daidai, a fara naɗa zare daga ɗan bayan idon ƙugiya zuwa tsakiyar sanda, sannan a dawo da shi ya tsaya a wurin da ya kai kashi ɗaya cikin uku na sandar idan an auno daga ido. Wannan shimfiɗar zare ita ce za ta hana gashi juyawa a kan ƙarfe, kuma wurin da zaren ya tsaya nan ne mazaunin fukafukai.

A yanko farin gashin maraƙi daga gindinsa, a riƙe shi ta baki, a tsefe gindin da yatsu ko da ƙaramin mataji har sai gajerun gashi da laushin da ke ƙasa sun zube gaba ɗaya. Wannan tsifar ba abin gaggawa ba ce, domin laushin nan shi ne yake hana gashi daidaituwa a bututu, shi ne yake ƙara kauri a wurin ɗauri, kuma shi ne yake fara shan ruwa. A zura gashin cikin bututu, bakinsa na kallon ƙasa, a buga gindin bututun a tebur sau da yawa, sannan a kwantar da shi a buɗe a hankali, a zaro gashin da bakinsa ya zo daidai. Game da yawansa, kuskuren da kusan kowane mai koyo yake yi shi ne ɗibar gashi fiye da kima, yana ganin yawan gashi shi ne yawan iyo. Fukafukai ba su ne suke ɗaukar ƙwaro a ruwa ba, jela da gashin zakara ne suke wannan aiki, kuma fiffike mai nauyi yana kifar da ƙwaro ta fuska. Ga lamba 12, idan an matse gashin kada kaurinsa ya wuce na tsinken ashana, kuma idan ana shakka a rage.

Tsawon fiffike daidai yake da tsawon sandar ƙugiya, daga bayan ido zuwa inda lanƙwasa ta fara. A auna, a ɗora gashin a bisa sanda, bakinsa na kallon gaba ya wuce ido, a matse shi tare da sandar tsakanin babban yatsa da manuni. A shigar da zare tsakanin yatsun, a zagayo da shi a sake, sannan a ja shi ƙasa da ƙarfi, a maimaita haka sau biyu ko uku ba tare da an saki gashin ba, daga nan a ci gaba da naɗi mai ƙarfi zuwa baya kamar sau shida. Gindin gashin da ya rage a yanke shi a karkace, ta yadda zai gangara zuwa tsakiyar sanda maimakon ya tsaya kamar dakali, a rufe shi da zare. Sai a ɗaga gashin ya miƙe, a tara naɗin zare a gabansa dab da gindi har ya tsaya da kansa. A raba shi gida biyu daidai da allura, a bi da zare tsakaninsu a gicciye, daga gaban na kusa zuwa bayan na nesa, sannan daga bayan na kusa zuwa gaban na nesa, sau uku kowanne. A ƙarshe a zagaye gindin kowane fiffike shi kaɗai sau uku ko huɗu, ana riƙe da bakinsa don kada zaren ya suɓuce, a ɗiga ɗan gam mai ruwa a tsakani. Idan an duba daga gaba, fukafukan su buɗe kamar yatsu biyu da aka ware, kaurinsu ɗaya, domin idan ɗaya ya fi ɗaya, ƙwaron zai riƙa juyawa a iska yana murɗe tsirkiya, wato siririn zaren nailan da ke haɗa shi da igiyar fatsa.

Jela ma ana tsefe ta a daidaita ta a bututu, tsawonta daidai da sandar ƙugiya, a ɗaura ta a ƙarshen miƙaƙƙen sashen sanda kafin lanƙwasa. A yanke gindinta ya haɗu da gindin gashin fiffike da aka yanke a karkace, domin jikin ƙwaro ya samu shimfiɗa marar tudu da kwari. Naɗin da ya fi kusa da lanƙwasa a sassauta shi kaɗan don kada jelar ta baje. Daga nan a ɗaura silli biyu ko uku na gashin jelar ɗawisu, a murɗa su tare da zare domin suna da saurin tsinkewa a haƙorin kifi, a naɗa su su zama ɗan dunƙule a baya. A bi da jan alharini a tsakiya, a shimfiɗe kamar ɗamara, sannan a sake wani dunƙulen na ɗawisu, a tsaya tun da sauran ɗan fili a bayan fukafukai.

Wannan filin na gashin zakara ne. A zaɓi guda biyu masu ruwan ƙasa, ko guda ɗaya dogo, waɗanda tsawon sillinsu ya kai faɗin bakin ƙugiya sau ɗaya da rabi. A fige gindinsu, a ɗaura su a bayan fukafukai, a kai zare gaba ya tsaya ɗan nesa da ido. A naɗa na farko sau uku a baya da sau uku a gaba, kowane naɗi yana manne da ɗan uwansa, a ɗaure bakinsa, sannan a bi da na biyu ana ɗan karkaɗa shi don ya ratsa ta cikin na farko ba tare da ya danne shi ba. A yanke saura, a yi ɗan ƙaramin kai da zare, a ƙulle, a ɗiga gam, a tabbatar idon ƙugiya bai toshe ba. Gwajin aikin shi ne a jefa ƙwaron a tebur: wanda aka ɗaura daidai zai sauka a kan bakin jelarsa da bakin gashin zakara, fukafukai a sama, ƙugiyar tana ɗan taɓa tebur ko ma ba ta taɓa ba.

Sauran dangin launi da irin gashin da ake sawa suke sauyawa. Gray Wulff yana da jela da fukafukai na gashin barewa mai ruwan ƙasa, jiki da ƙafafu masu ruwan toka. White Wulff fari ne mai jiki ruwan madara, kuma shi ne abokin tafiyar almuru, lokacin da ido ya daina ganin sauran. Ausable Wulff, wanda Fran Betters na garin Wilmington a jihar New York ya ƙirƙiro a 1964 don kogin Ausable mai yawan duwatsu, yana da jiki ruwan goro mai duhu, da gashin zakara ruwan ƙasa haɗe da wake-wake. Akwai kuma wani reshe da fiffikensa yake kwance a bayan ƙwaro kamar jinka, wanda mafi shahararsa shi ne Elk Hair Caddis da Al Troth ya ɗaura a jihar Pennsylvania a 1957. Shi ba shi da jela: ana naɗa gashin zakara a tsawon jiki daga gaba zuwa baya, a ɗaure shi da siririyar waya da ake naɗowa gaba, sannan a kwantar da gashin elk a sama, bakinsa ya kai ƙarshen lanƙwasa, a yanke gindinsa ya bar ɗan kai a bisa ido. Ya fi Wulff sauƙin ɗauri nesa ba kusa ba.

A bakin ruwa, sanda mai tsawon ƙafa 9 da igiya mai lamba 4 ko 5 sun wadatar. Tsakanin igiya da ƙwaro akwai tsirkiyar nailan mai kimanin ƙafa 9, mai kauri a gindi tana sirancewa zuwa baki, kuma hanyar da aka saba bi wajen zaɓar kaurin bakinta ita ce a raba lambar ƙugiya gida uku, wato ƙugiya mai lamba 12 ta tafi da tsirkiyar da lambar kaurin bakinta 4X ce. Da waɗannan ƙwari kada a yi kwaɗayin siranta, domin fukafukansu suna kama iska, kuma tsirkiyar da ta cika siranta takan murɗe ta dunƙule bayan jifa kaɗan. A shafa wa jela da gashin zakara ɗan man hana jiƙewa tun ƙwaron yana bushe, a murza shi a yatsu tukuna ya narke, kada a cika shi har sillaye su manne.

Tirawut yana tsayawa ne fuskarsa na kallon inda ruwa yake fitowa, yana jiran abin da zai kawo masa, saboda haka masunci yana shiga daga ƙasa ya riƙa haurawa, ya zo wa kifi ta baya, yana taka ruwa a hankali kuma yana kiyaye kada inuwarsa ta faɗa inda zai jefa. Wuraren da ƙwaron gashi ya fi amfani su ne ɗan kwantaccen ruwan da ke bayan dutse da wanda ke gabansa, da layin da ruwa mai sauri yake haɗuwa da mai jinkiri, da bakin gaɓar da ruwa ya rarake, da duk inda kumfa ta ja layi, domin inda ruwa ya tara kumfa nan yake tara ƙwari. A irin wannan ruwa jifa mai nisa ɓata lokaci ne. A matso kusa, a jefa mita biyar zuwa takwas, a ɗaga sanda sama yadda yawancin igiya ba za ta taɓa ruwa ba, a bar ƙwaron ya yi tafiyar daƙiƙa uku ko huɗu, a sake jefawa. Idan an gwada wuri sau uku ko huɗu babu motsi, a yi gaba.

Babban abin da yake hana kifi ɗauka shi ne jan da igiya take yi wa ƙwaro. Ƙwaron gaske yana tafiya ne daidai da gudun ruwan da yake kai, amma igiyar da ta ratsa ruwa mai gudu iri-iri takan yi ciki, ta fizgi ƙwaron ya riƙa tsaga ruwa yana barin layi a bayansa, kuma kifin da ya taso zai juya ya koma. Maganinsa yana farawa tun a iska: da zarar an saki jifa, kafin igiya ta sauka, a karkata sanda zuwa ɓangaren da ruwa yake fitowa, ta yadda igiyar za ta kwanta ta wancan ɓangaren ba ta riga ƙwaro gangarawa ba. Bayan ta sauka, idan ruwan tsakiya ya fara jan ta, a ɗaga ta a juya ta wajen da ruwa yake fitowa da ɗan kewayen bakin sanda, ba tare da an motsa ƙwaron ba. A riƙa kwatanta tafiyar ƙwaro da ta wani ɗan kumfa ko ganye da ke kusa da shi, idan ƙwaron ya wuce shi ko kuma shi ya bar ƙwaron a baya, to akwai ja ko da ido bai gan shi ba. Elk Hair Caddis ne kaɗai nake yarda a ɗan motsa da gangan, musamman da yamma, saboda ƙwaron da yake kwaikwayo yakan yi tsalle-tsalle a bisa ruwa lokacin da yake zuba ƙwai.

Idan kifi ya taso, hannu yakan riga hankali, a fizge ƙwaron daga bakinsa tun bai rufe ba. A jira ya juya kansa ƙasa, sannan a ɗaga sanda a natse har igiya ta miƙe, domin ƙugiya mai kaifi ba ta buƙatar fizga, kuma babban kifi a ruwa mai jinkiri ya fi buƙatar a ba shi wannan lokaci. Akwai kuma ranar da ƙwaron Wulff ba zai yi aiki ba, wato a kwantaccen ruwa mai haske lokacin da kifi ya dage a kan ƙwaro iri ɗaya ƙarami yana duba shi da kyau. A nan a koma ga wanda ya fi siranta, kamar Comparadun na Al Caucci da Bob Nastasi, wanda fiffikensa gashin barewa ne a baje kamar mafici, ba shi da gashin zakara, kuma jikinsa yana kwanciya a kan ruwa.

Kafin a shiga kowane kogi a nemi lasisi a kuma karanta dokar wurin, domin lokacin kamu da adadin kifin da aka yarda a ɗauka sun bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga kogi zuwa kogi, kuma akwai wuraren da dole ne a mayar da duk abin da aka kama, al'adar da Lee Wulff ya yi ta kira a kanta har rasuwarsa a 1991. Wanda zai mayar da kifi ya jawo shi da wuri kada ya gajiyar da shi, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa shi, ya cire ƙugiya kifin yana cikin ruwa, ya riƙe shi fuskarsa na kallon gudun ruwa har ya ƙwace da kansa. A riƙa tafiya da ma'aunin zafi, kuma idan ruwa ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyas a naɗe igiya, saboda a wannan zafi iskar da ke cikin ruwa ta ragu, kuma kifin da aka sake yana iya mutuwa daga baya ko da ya tafi da ƙarfinsa.

Bayan kowane kifi, majinar jikinsa takan manne wa ƙwaro ta nitsar da shi, don haka a wanke shi a ruwa, a matse shi a cikin ƙyalle mai shan ruwa, a kaɗa shi a iska da jifa biyu ko uku kafin a mayar. Idan an koma gida a bar akwatin ƙwarin a buɗe ya kwana don kada ƙugiyoyi su yi tsatsa. Ƙwaron da ya tauye ko gashinsa ya kwanta, a kama shi da filaya a tara shi a tururin buta na 'yan daƙiƙu, zai miƙe ya koma yadda aka ɗaura shi, sannan a bari ya bushe sarai kafin a adana shi a akwatin da ke rufuwa ruf, saboda asu yana cin gashin barewa da na zakara kamar yadda yake cin ulu.